Gammon Wuyan 'Yar Fari

Shekaranjiya da hantsi wani direban motar Illela ya tsaya a ƙofar gidana ya miƙo ƙunshi a baƙar leda, ya ce saƙo ne daga ƙauye. Tun ban kwance ba na san abin da ke ciki, don ƙanshin ya riga ya tona asiri: hayaƙin karan gero, da ɗan warin man shanu, da ƙanshin zaren ulu wanda ya daɗe a rufe cikin kwano tare da guntun sabulu. Ina tsaye a tsakar gidana a nan Konni, 'yan kabu-kabu na ta wucewa a bayan katanga, amma ni na riga na koma gidanmu na shekara talatin da wani abu baya. Na ajiye ledar a kan kujera ban buɗe ba tukuna. In na gaya muku dalili yanzu ba za ku gane ba, sai na fara muku daga tushe.

Ƙauyenmu yana gefen Illela, tafiyar da amalanken jaki ke yi daga bayan sallar asuba zuwa hantsi. In an gama girbi, an ɗaure dammuna an cika rumbuna, sai ɗari ya sauko mana ba sallama. Ruwan tulu ya koma abin da haƙori ke tsoro. Ƙafafunmu su yi kaushi su tsattsage, Kaka ta riƙa kama mu ɗaya bayan ɗaya tana goga mana man shanu muna zillewa. Da safe akan tara kara a tsakar gida a hura wuta, mu yara mu kewaye ta, gabanmu na gasuwa bayanmu na rawar sanyi, kowa na jiran a sauke kunu. A wannan lokacin ne Inna ke fito da kwanonta.

Inna 'yar Konni ce, aure ne ya kai ta ƙauye. Tun tana budurwa ta koyi saƙa a gidan koyar da mata sana'a, kuma duk yankinmu ba wadda ta iya kamarta. Mace in ta ga watanta ya kusa, sai ta sa a sayo mata zare ranar kasuwa ta kawo, Inna ta saƙa hula da safa da 'yar riga ta jariri. Abin da ya rage na zare, na mai saƙa ne, haka aka saba. Wani ya rage kamu biyu, wani ya rage ɗan curi kamar ƙwan zabuwa. Duk sai ta naɗe su ta jefa cikin wani tsohon kwanon samira mai murfi, ta tura ƙarƙashin gado, su yi ta taruwa shekara guda. Tsinkayen saƙarta ma ba na kanti ba ne. Wayar ƙafar keke ce guda biyu da Baba ya kai wa maƙeri ya goge musu baki, kuma saboda yawan aiki har sun yi sheƙi.

Abin da take yi da ragowar zaren abu ne mai sauƙi. Ta saƙa faffaɗan ƙyalle mai faɗin tafin hannu da rabi, in wannan launi ya ƙare ta ƙulla wani ta ci gaba, in ya kai tsawon da take so ta haɗe bakinsa biyu da allura ya zama zagaye. Sai a zura ta ka ya sauka a wuya, in sanyi ya yi tsanani a ja shi sama ya rufe kunne da hanci. Ba ya kwancewa, ba ya faɗuwa rijiya in an sunkuya, ba ya kama wuta a bakin murhu kamar jelar mayafi. Yana da sunansa na Faransanci wanda ban taɓa jin wani ya furta daidai ba. Kaka ce ta dube shi ranar farko ta ce ai wannan gammo ne ya ɓata hanya ya gangaro wuya, shi ke nan suna ya bi shi, kowa gammon wuya yake cewa. In Inna ta fara guda bayan azahar, kafin la'asar ta gobe wani na yawo da shi.

Kuma kowa sai ya samu. Ƙannena uku, 'ya'yan maƙwabta, tsohon da ke jan ruwa a rijiyar gari, matar da ke kitso, har liman. Ku ƙaddara dattijo mai farin gemu ya fito sallar asuba da ja da rawaya da ruwan hoda a wuya, ragowar hular jarirai uku. Shekarar farko an yi dariya, Baba ma a ƙarƙashin riga yake ɓoye nasa in zai tafi ban ruwan albasa. Shekara ta biyu masu dariyar ne suka fara aiko yara da gaisuwa ta musamman. Inna kuwa ba ta manta asalin ko wane guntu. Sai ta ɗaga wani kore ta ce wannan na ɗan mai kitso ne da aka haifa da azumi, wancan shuɗin na tagwayen bakin kasuwa ne. Mu dai zare muke gani, ita kuwa tana ganin yaran garin kaf.

Abin da na fi tunawa shi ne awo. Tunda ta ka ake zura shi, dole a san girman kan mai shi. Sai Inna ta kira yaro ya durƙusa a gabanta, ta ɗauki zare ta zagaya masa kai ta saman kunnuwa, ta ƙulla alama, ta shafa kan da tafin hannunta sau ɗaya, ta ɗan ture shi ta ce, "Tashi, ƙaton kai." Yaro ya tashi yana washe baki. Na ga an yi wa ƙannena haka, na ga an yi wa yaran da ko sunan ubansu ban sani ba. Ni kaɗai ce ba a taɓa kira ba.

Ni ce 'yar farinta. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi a wancan lokacin. Uwa tana kunyar ɗanta na fari: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da cinsa ko shansa, in ba haka ba mata su sa ta a baki su ce ba ta da ta-ido. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, can nake kwana can nake ci. In Inna za ta ambace ni sai ta ce "ɗiyat tsohuwa", kamar wata baƙuwa ce da aka ajiye musu. Na san al'ada ce, an gaya mini, na kuma ga 'yan farin wasu gidaje haka suke. Amma sanin dalili bai hana abu zafi ba. Ni ba gammon nake so ba. Zaren nan nake so a zagaya mini a kai, a shafa, a ce mini ƙaton kai.

Don gammo kam ina da shi, duk shekara sabo. Kaka ce ke ba ni. Da ɗari ya kama sai wata rana ta ce ɗankwalina ya yi dauɗa, ta sa hannu biyu ta zare shi daga kaina a hankali ba tare da ta kwance ɗaurin ba, ta ba ni wani in ɗaura. Bayan kwana biyu sai ta jawo gammo daga ƙarƙashin matashi ta ce, "Amshi, ƙawata. Da hannuna na yi maki." Ni kuwa na yarda ɗari bisa ɗari. Kaka mai kaɗi ce, kullum tana zaune da mazari da alli da audugarta, to mai yin zare ai ba za ta gagara saƙa shi ba, haka na lissafa da ƙaramin kaina.

Har alfahari nake yi da shi, kuma da dalili. Na sauran yara cikinsa cike yake da ƙulli, duk inda zare ya haɗu da zare akwai ɗan kumburi mai sosa wuya, ka ga yaro na tafiya yana susa. Nawa kuwa ko ka juya shi ka laluba ba ka jin ƙulli ko ɗaya, an bi kowane bakin zare an ɓoye shi cikin saƙar. Wata safiya a bakin wuta, a gaban kowa, na ɗaga murya na ce wa ƙanena Kaka ta fi Inna iya saƙa nesa ba kusa ba. Da gayya na faɗa, ina satar kallon Inna in ga ko zai yi mata ciwo. Ko kai ba ta ɗaga ba, tsinkayenta na ta tafiya. Kaka ce ta ƙware da goro har sai da aka ba ta ruwa.

Shekarar da nake ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare, ana tsakiyar ɗari, Goggo ta zo daga Malbaza. Ƙanwar Baba ce, 'ya'yanta duk maza, kuma ta daɗe tana cewa tana son ɗiya mace a gabanta. Wannan karon da magana ta zo. Ta ce a ba ta ni in ƙarasa shekarar a can, in na ci jarrabawa in wuce kwalej, tunda a ƙauyenmu karatu daga aji shida ya tsaya. Aka zauna a tsakar gida bayan la'asar. Baba ya ce shi ba shi da ta cewa, a tambayi tsohuwa. Kaka ta ce ranta ba ya so amma ba za ta tare mini hanya ba. Sai Goggo ta juya wajen Inna, don a cika ladabi, ta ce ita fa me ta gani.

Ina bakin turmi ina tankaɗe, kunnuwana duk suna can. Inna na riƙe da kan autanmu tana zagaya masa zare. Ba ta ko tsaya ba ta ce, "Ni mi nawa ciki? Taku ta, ku tahi da ita."

Wallahi har yau in na tuna sai in ji abin a ƙirjina. Da ma ta yi jim ko na numfashi ɗaya ne, da ya ishe ni. Na ajiye rariya na zo na ce wa Goggo ni a shirye nake, ko yau ne. Aka yi dariya aka ce yarinya na ɗokin birni. Goggo ta ce za ta dawo kasuwa biyu masu zuwa ta ɗauke ni. Ni kuwa a raina na riga na yanke hukunci irin na mai shekara goma sha biyu, wanda ya fi na alƙali tsauri: in na tafi na tafi ke nan, ba hutu, ba Sallah, ba zan sake taka gidan da ba a so na ba. Kuma na san halina, tun ina ƙarama in na ƙi abu na ƙi shi.

Ana saura kwana shida tafiya na kai wa Baba fura lambu. A hanyar dawowa, saboda ina tafe ina faɗa da mutane a cikin zuciyata, na kutsa ta shingen ƙaya maimakon in zagaya ta ƙofa. Ƙaya ta kama gammon, na fizga da haushi, zare ya tsinke. Kafin in iso gida ramin ya kai a zura hannu, kuma ko ina taɓa shi ƙara warwarewa yake yi. Na wuce ɗakin Kaka kai tsaye na ce ta gyara mini yanzu-yanzu. Ta ce ba ta da tsinke a kusa. Na fita na je na tsaya a gefen Inna na ce Kaka ta ce a ba ta aron tsinke. Inna ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba, ta dubi wuyana da babu komai, ta miƙo.

Kaka ta karɓi tsinkayen ta riƙe su kamar za ta tsame nama daga tukunya. Ta juya gammon sama, ta juya shi ƙasa. Ta ce hasken ɗakin bai isa ba. Na ɗage asabari. Ta ce ɗarin bana ya shiga mata yatsu. Na ce in kawo garwashi. Sai ta fusata ta ce, "Ke, bar shi nan ki ba ni wuri! Aiki na son natsuwa." Har na kai ƙofa ta kira ni ta ce ɗankwalina ya yi dauɗa, ta zare shi yadda ta saba. Ban kawo komai a raina ba, tausayinta ma na ji, na ce tsufa ya fara kama ƙawata.

Washegari mushe, malamin ajinmu, ya sallame mu tun hantsi, ya ce an kira su taro Illela. Na iso gida na tarar ba kowa a tsakar gida, yara sun bi mata rijiya, kaji kawai ke tono a tokar wutar safe. Sai na ji ƙarar tsinke, ƙyas-ƙyas-ƙyas, wadda ko cikin barci na san ta. Amma ba daga ɗakin Inna take fitowa ba. Daga ɗakin Kaka ne. Na yi murna na ce hannu ya warke, na lallaɓa don in ga yadda take yi, na sa ido ta tsagar asabari.

Inna ce zaune a kan tabarmar da nake kwana, ta ba ƙofa gefe. Ta ɗaga gwiwa ɗaya, ta kifa ɗankwalina a kanta da ɗaurinsa yadda ya fito daga kaina. Tsohon gammon ta warware shi gaba ɗaya tana saƙa sabo, ya fi wancan faɗi. Kwanon samira na gefenta a buɗe, ba komai a ciki sai 'yan guntaye da ba su kai tsawon yatsa ba, don ɗari ya yi nisa, ta riga ta rabar da zaren shekara a wuyan mutanen gari. Abin da take ƙarawa da shi daga rigarta yake fitowa. Tana da wata rigar sanyi ruwan goro da ta zo da ita daga Konni cikin kayan aurenta, ita kaɗai gare ta, ita take sawa in za ta yi dakan safe. Rigar na kan cinyar Kaka, hannu ɗaya ya riga ya tafi, Kaka na jan zare daga na biyun tana naɗewa.

Kaka ta ce, "Ke dai ki buɗe baki ki ce ba ki so ta tahi. Ni in hana, ba mai ja da ni."

Inna ta ce, "Da wane bakin zan ce? Ku bari ta tahi, can akwai karatu. Ni da anka hidda ni lakwal ina aji huɗu, har yau ina jin abin." Ta saƙa layi guda, sannan ta ƙara, "Sai dai an ce ɗarin Malbaza da sahe ba shi da kyau. Ga ta ba ta son abin da ka sosa mata wuya, tun tana jinjira haka take."

Ta kai inda zare ya ƙare. Maimakon ta ƙulla kamar yadda take yi wa na kowa, sai ta zura bakin zaren a allura ta riƙa bi da shi cikin saƙar a hankali, gaba da baya, har ya ɓace. Ta shafa wurin da yatsa ta ji, ta sake shafawa. Sannan ta ɗauki zaren awo ta zagaya ɗankwalin da ke kan gwiwarta, ta gwada da saƙar. Da ta gama ta ɗora tafin hannunta a kan ɗankwalin ta shafa shi sau ɗaya, daidai yadda take shafa kan ƙannena.

Ban shiga ba. Da na shiga da na kunyata ta, kuma ko a lokacin na san wannan. Na ja da baya a kan yatsun ƙafa na zagaya bayan rumbu na zauna, allon lakwal a cinyata. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, kukan daɗi da na kunya a haɗe, don maganar da na yi a bakin wuta ita ta fara dawo mini. Na lissafa shekarun da nake karɓar gammo daga hannun Kaka, na tuna duk ranar da aka ce ɗankwalina ya yi dauɗa alhali jiya aka wanke shi. Sai da rana ta take na fito ta ƙofar gida na rangaɗa sallama da ƙarfi kamar mai shigowa daga nesa.

Bayan kwana biyu Kaka ta jawo shi daga ƙarƙashin matashi. Ninki biyu ne, rabinsa tsofaffin launukana, rabinsa ruwan goro. Ta ce, "Amshi, na gyara maki." Na karɓa da hannu biyu na ce, "Sannu da aiki, Kaka. Ashe yatsun sun warke." Ta dube ni ta ƙasan ido ta daɗe, ta ce, "Bakinki ya cika tsawo, ƙawata. Wanda yas san abu shi yi shiru, shi aka ce ma mai hankali." Daga nan ba mu sake tayar da maganar ba, ni da ita, har ta bar duniya.

Ranar tafiya aka ɗaura wa jaki amalanke tun gari bai gama wayewa ba. Goggo ta hau ta zauna a kan buhu tana ta cewa a yi sauri kada motar Illela ta cika. Inna na bakin turmi tana daka, sanye da rigar ruwan goro wadda yanzu ba ta da hannuwa. Na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu wai hannuwan ne ke hana ta sakewa wajen daka shi ya sa ta cire. Damatsanta duk sun yi tsigar sanyi. Na je na durƙusa nesa kaɗan na ce, "Inna, za ni." Ba ta dube ni ba ta ce, "To. A yi hankali."

Godiya na cike da bakina amma ba hanyar da za ta bi, don kunyar da ta ɗaure ta ni ma ta ɗaure ni. Sai na juya wajen Kaka da ke bakin ƙofa, na ɗaga murya yadda za a ji har bakin turmi, na ce, "Kaka, da an ba da hutu ina nan tahe. Kuma baɗi ki sake auna ni, kaina girma shikai." Taɓarya ta tsaya a sama, ta yi jim na numfashi ɗaya, sannan ta sauka. Shi ne jim ɗin da na nema ranar da Goggo ta yi tambaya, ya zo mini a makare amma ya zo. Ban taɓa fashin hutu ko ɗaya ba har na gama karatu.

Gammo bai daina zuwa ba. Ina kwalej yana zuwa, na yi aure na dawo Konni yana zuwa, kullum da sunan Kaka, har lokacin da idanunta suka rufe ko mazari ba ta iya gani. Shekara bakwai ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta. Ɗarin da ya biyo baya na yi ta sauraron mota, ba abin da ya zo. Ba wai Inna ta manta ba ne. Hannun da za ta bi ta miƙo mini ne babu. Daga baya ita ma idonta ya yi rauni, ƙanena ya ce ta tura kwanon samira can ƙuryar gado ta daina saƙa.

Yanzu abubuwa sun sake. Kasuwar Konni cike take da hulunan sanyi da rigunan gwanjo da na kanti, mai jego ba ta jiran a saƙa mata komai. 'Yan matan da ke sha'awar saƙa a waya suke koyo. Ni ma ina taɓawa, ina da gwangwanin da nake tara ragowar zare, da ɗari in yi wa 'ya'yan maƙwabta da abokan aiki, ko da yake nawa ƙulli ne rututu don ba ni da haƙurinta. Ɗana na fari kuwa da sunansa nake kiransa, in rungume shi a gaban kowa, in Inna na wurin ta kawar da kai ta ce zamani. Ba na fatan a koma waccan kunyar, na san abin da ta kusa ja mini. Amma duk wanda ya ce iyayenmu ba su iya so ba, ban yarda ya gama bincike ba.

Watan jiya na je gida suna, tare da autata mai shekara huɗu. Da rana na cire ɗankwali na rataye a igiya zan yi alwala, na dawo ban gan shi ba. Na yi ta faɗa da yaran gidan. Can da la'asar sai ga shi a kan gado da ɗaurinsa, na ce aikin yara ne na wuce.

To, shi ne shekaranjiya direba ya miƙo leda ya ce an ce a ba auta, kakarta ce ta aiko. Da na gama tsayuwata na zauna na kwance. Guntaye ne kala-kala, wasu sun koɗe don daɗewa, saƙar ta karkace, nan ta tsuke can ta saki, akwai wuraren da tsinke ya tsallake ido bai gani ba. Na juya cikinsa na bi da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Babu ƙulli ko ɗaya. Na kira auta na zura mata. Ya wuce kai, ya wuce wuya, ya wuce kafaɗu, ya sauka har ƙugunta. Ta ce, "Mama, ya yi mani yawa." Na cire mata na zura a nawa kan, ya zauna daidai.

Da yamma na kira wayar ƙanena na ce ya gaya wa Inna saƙo ya iso, auta ta gode, ya yi mata cif. Na ji ya juya yana maimaitawa da ƙarfi, don kunnenta ma ya fara nauyi. Sai na jiyo muryarta daga nesa tana cewa, "To, madalla. A ce mata kak ta bi kusa da ƙaya."